Daminar da Aka Ɗora Ni Tare da Kaza

Jiya da hantsi Hajiya ta leƙo ta tagar kicin ta ƙwala mini kira.

"Baba Ɗanlami, me ƙafar ta ce? In yi shanya ko in bari?"

Na ɗaga kai na dubi sama, garau, ko ɗigon gajimare babu. Na shafa ƙwaurina na hagu, na ji yana zugi can cikin ɓargo. Na ce, "Hajiya, ki bari. Kafin la'asar za a sha ruwa." Ta yi dariya ta ja taga. Ƙarfe uku bai cika ba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

Ni ne maigadin gidan, a nan Garki. Oga ma'aikacin gwamnati ne, wayarsa ma tana faɗin ko za a yi ruwa, amma matarsa ta fi yarda da ƙafata. Karatuna bai wuce 'yan watanni a ajin yaƙi da jahilci ba, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, mai rubutun ma a karkace yake tafiya. Yadda aka yi na karkace ɗin nake so in faɗa, don duk shekara in marka ta kama, wato ruwan nan na tsakiyar damina da ba ya ɗaukewa, sai ƙafar ta tashe ni da zancen.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Muna wani ƙauye bayan Kwali, inda mahaifina ya zo daga ƙasar Zazzau ya samu gona a wurin Gwarawa, ya mutu ya bar mini. Ni da matata Hansai ne, da 'yarmu Ladidi tana goye. Lokacin ana ta gina Abuja, tifofi na wucewa a kan kwalta dare da rana, sa'o'ina duk sun tafi leburanci. Ni na ƙi. Na ce ba zan ɗauki simintin wani a ka ba alhali ina da ƙasa da ƙafafu biyu. Da ƙarfi nake faɗa, don a ji.

Daminar ta faɗi da kyau. Dawa da masara sun kai gwiwa, kore shar, ganyen har ƙyalli yake. Na yi rabin noman fari. Abin da ya rage a rumbu kaɗan ne, amma mun auna mun ga in an yi a hankali zai kai mu sabuwar masara.

Tsakanin gari da gonata akwai rafi. Kowa naɗe wando yake ya ratsa, ni ma haka nake yi kullum. Ranar nan sai na tarar da mata cike da bakin rafin suna wanki, wata ta ce, "Ga angon Hansai nan, bari mu ga ƙwaurin da take yabo." To, ni magidanci, mai 'ya, mai gemu, me ya kai ni? Na ja da baya, galma a kafaɗa, na sheƙo da gudu na daka tsalle. Na tsallake kuwa. Sai dai dutsen da na sauka a kai gansakuka ta rufe shi. Ƙafar hagu ta zame ta faɗa tsakanin duwatsu biyu ta tsaya, ni kuma ban tsaya ba.

Ƙas! Kamar an taka busasshen kara. Har yau in yara suka karya rake kusa da ni sai tsikar jikina ta tashi.

Matan suka yo kaina. Wata tsohuwa ta ce targaɗe ne, a ja ƙafar ta koma. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna, targaɗe ne." Na fi kowa son ya zama targaɗe, don targaɗe kwana uku ne, karaya kuwa damina guda ce, ga ciyawa tana jirana. Har wani ya kama diddigena zai ja, sai ga Shekwolo, maƙwabcina Bagwari, gonarsa na jikin tawa. Ya buge hannun mutumin.

"Kada ka taɓa. Ɗanlami, iya taka shi?"

Na yunƙura. Ban ma ɗora nauyi ba duniya ta yi duhu. Ya yage ƙafar wandon, ya tsuguna yana kallo. Tafin ƙafar ya kwanta gefe yana kallon daji, wurin ya fara hawa kamar ƙullin da aka sa wa yis.

"Mutum gwiwa nawa yake da shi a ƙafa ɗaya?"

"Ɗaya."

"To naka biyu. Wannan ba targaɗe ba."

Ya sara itace biyu miƙaƙƙu, ya sa ɗaya ciki ɗaya waje, ya karɓi ɗankwalin mata ya ɗaure sama da ƙasan wurin yadda ba zai motsa ba. Ya aika aka ciro ƙyauren ɗakinsa, a kai aka kai ni gida kamar gawa, sai dai gawar tana ihu. Ya ce mu wuce asibiti Gwagwalada. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ni zuwa, asibiti yanke ƙafa suke yi. Haka muka ji, haka muka yarda. Aka aika ƙetaren babban kogi aka kira maɗori.

Dattijo ne mai sanyin magana, sunansa Malam Audu. Ya shafa ƙafar da yatsu biyu, ya ce a kawo masa kaza. Kazarmu ɗaya ce mai ƙwai, wata ja ta Hansai. Aka kamo ta. A gabana ya kama ƙafarta ta hagu ya karya, ya jera mata tsinke ya naɗe da zare. Sannan ƙarti huɗu suka danne ni, ya ja tawa, ya shafa man kaɗanya, ya yi tofi, ya jera karan dawa kewaye da ƙwaurin ya naɗe da tsumma. Abin da na faɗa a lokacin ba zai rubutu ba. Na dai nemi gafarar Malam Audu daga baya, da ta mahaifiyarsa.

Ya wanke hannu ya nuna kazar. "Ga 'yar'uwarka nan. Ranar da ka ga ta taka, kai ma naka ya kama. Amma ka jira ni in zo in duba. Sati biyu zan dawo."

Magana biyu ya yi. Na adana ta farko da kyau.

Bara oga ya zame a kan tayil ɗin baranda, shi ma ƙwauri. Kafin awa guda an kai shi asibiti, kafin magariba hoton ƙashinsa na cikin wayarsa yana nuna wa baƙi. Wata uku ya yi a falo, ƙafa kan matashi, kwamfuta kan cinya, ana kawo masa takardun ofis gida. Na leƙa gaishe shi na ce, "Oga, ko a samo kaza?" Ya ce, "Ta farfesu? Ai Hajiya ta yi." Na ce, "To, madalla," na koma bakin get.

Kwana na uku da ɗori, yatsun ƙafata suka kumbura suka yi sanyi, launinsu ya koma kamar na toka. Hansai ta mintsini babban, ta ce, "Malam, ka ji?" Na ce ban ji ba. Ta ce ɗaurin ya yi tsauri. Na ce kada ta kuskura ta taɓa aikin malami, akwai tofi a jiki. Ta ce, "Tofin ai ba a ƙullin yake ba." Ta sassauta tsumman, ta bar karan a inda suke, ta ɗora ƙafar kan buhun ƙaiƙayi ta yi sama. Kafin yamma jini ya dawo, yatsun suka yi ta zugi kamar tururuwa na cizo. Daga baya wani likita ya ce da ba ta yi haka ba da ƙafar ta ruɓe. Ban taɓa faɗa mata ya ce haka ba, kada ta samu abin yi mini gori. In ta ji an karanta wannan, to ta ji.

Sai marka ta kama.

Ruwa ba mai ƙarfi ba, irin mai naci, yau yayyafi gobe yayyafi, rana ta leƙo kamar mai jin kunya ta koma. Jinkar ɗaki ta jiƙe ta fara wari, tana ɗiga a kusurwa biyu. Tabarma ta yi fumfuna. Itace ya ƙi kamawa, Hansai ta durƙusa tana hura murhu har idanunta su yi ja, hayaƙin ya ƙi tashi, ya kwanta a tsakar gida. Kogi ya cika ya batse. Sati biyu suka wuce, Malam Audu bai ƙetaro ba, ba kuwa mai kwalekwalen da zai yarda ya ɗauko shi.

Kullum abu ɗaya ne. Da asuba ta dama kunu, tsararo, kana iya ganin fuskarka a ciki. Ta ja ni zuwa bakin ƙofa ta jingina ni da bango, ta gyara buhun ƙaiƙayi, ta ajiye mini gorar ruwa a dama, tsohon kasko a hagu, ba sai na faɗi aikin kaskon ba. Ta goya Ladidi, ta rufa mata buhu, ta ɗauki fartanyata. Matar da ban taɓa bari ta je gona ba sai kai abinci. Ina kallon bayanta har ta sha kwana.

Daga nan sai ni da ruwa. In ƙirga ɗigon da ke sauka daga bakin jinka. In sa tsinken tsintsiya ƙarƙashin kara in sosa, don ƙaiƙayin ya fi zafin ciwo. In yi taimama da bango in yi salla a zaune. In ji maza na wucewa ta bayan danga, galma na ƙara a kafaɗunsu, suna ce mini, "Sannu, mai tsalle!" In amsa da dariya, in suka wuce in koma ƙirga ɗigo.

Da la'asar ta dawo jiƙe sharkaf, tafin hannunta duk ya yi kanta ya fashe, da ganyen tafasa a bakin zane. Shi za ta dafa ta kwaɗa da ɗan ƙuli, in akwai. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sannan ya koma yau a ci gobe a tsallake. Yunwar damina daban take. Komai kore ne, komai na girma, ba abin kaiwa baki. Nonon Hansai ya ja baya, Ladidi ta koma kuka marar ƙarfi.

"Ina aka kai?" haka nake tambaya kullum.

"An kusa," haka take cewa kullum.

Shekwolo ne ya faɗa mini gaskiya. Ya zo da doya biyu sabon haƙa, ya zauna kan turmi.

"Matarka ya yi ƙoƙari. Amma ciyawa ya fi shi gudu. Inda ya nome jiya, yau ya tsiro. Dawa ya fara ja."

Na ce a kira gayya. Ya ce da me za mu ciyar da su? Gayya abinci take ci, mu kuwa ba mu da abin da za mu ɗora wa mutum goma. Kuma kowa tasa gonar na ci masa tuwo a ƙwarya. Duk da haka ya kwashi iyalinsa suka yi mini safiya biyu. Safiya biyu a gonar da ke son wata guda.

Ita kuwa 'yar'uwata kaza tana ƙarƙashin kwando kusa da ni, an danne da dutse. Mukan kalli juna ta ramukan saƙar. Wallahi akwai ranar da na dube ta na ga romo, har da albasa. Amma wa zai ci wadda aka ɗaura lafiyarsa a ƙafarta? Hatsin da ba mu da shi sai an tsakura mata. Ta fi kowa ƙoshi a gidan.

Wajen sati na uku Hansai ta ɗauke kwandon ta mai da shi bayan rumbu, wai feshin ruwa na damunta. In na ce, "Ya 'yar'uwata?" sai ta ce, "Tana nan kwance, ko ɗingishi ba ta fara ba." Na yarda, kwana da kwanaki. Rannan da hantsi, gidan shiru, ruwa ya ɗan tsagaita, sai na ji wani abu daga bayan rumbu. Ƙarr, ƙarr. Na kasa kunne. Tono ne. Ni ɗan ƙauye ne, na san kaza mai karyayyar ƙafa ba ta tono.

Na ja gindi. Na sa hannuwa a baya, ƙafar na biye da ni kamar kayan aro, na ratsa taɓon tsakar gida har na hango kwandon. Na miƙa sandar rumbu na ture dutsen, na ɗaga bakin. Ta fito. Ta girgiza, ta miƙe wuya, ta hango wani ƙwaro ta sheƙa da gudu. Gudu fa, ba ɗingishi ba. Zaren ma ya warware yana jan ƙasa.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce Allah ya yi, yau zan ba Hansai mamaki, ta ɗago kai kawai ta gan ni a bakin kunyar gona. Rabin maganar Malam Audu na biyu ya zo mini, na ce masa kogi ya cika. Na dafa rumbu na miƙe. Jiri ya ɗebe ni, na tsaya ya wuce. Na ɗora ƙafar. Ta yi zafi, amma ta ɗauka. Ɗaya. Biyu. Ina ƙirgawa da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Na saki sandar a na biyar, don namiji ba ya zuwa gona da sanda.

A na bakwai ne. Wannan karon ba ta yi ƙara sosai ba. Kamar ɗanyen kara.

Na faɗi daidai bakin ƙofar gida, rabi ciki rabi waje. Na yi kira, kowa na gona. Ruwa ya dawo. Ina kwance rigingine yana sauka a fuskata, ba na iya gaba ba na iya baya, sanyi na shiga ta baya, wuta na ci a ƙafa. Kazar ta zo tana kiwo kusa da kunnena. Tun hantsi har la'asar.

Hansai ta shigo da fartanya a kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi kwandon a kife, ta dubi kazar. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta sauke fartanyar a hankali.

"Malam, yau kwana tara da ta taka. Don na san halinka na ɓoye ta."

Ta juya ta kira Shekwolo. Ya zo da ƙyauren nan nasa. Na buɗe baki, ya ce, "Yau ba ka da baki." Suka ɗauke ni har bakin kwalta, ya tsaya tsakiyar hanya ya tare wata tifa mai ɗaukar yashi. A bayan tifar da na rantse ba abin da zai haɗa ni da ita na tafi asibiti, kwance kan yashin gina Abuja.

Likitan ya ɗaga hoton ƙashin a jikin fitila. Ranar na fara sanin ƙashi biyu ne a ƙwauri, babba da siriri, duka biyun kuma na karya. Ya nuna wani fari-fari kamar hayaƙi a bakin karayar, ya ce nan ne ya fara haɗewa, nan kuma na sake ɓallewa, har bakin ya hau kan ɗan'uwansa. Ya ce me ya tashe ni? Na faɗa masa. Wata nas da ke wurin ta juya baya kafaɗunta na rawa. Shi bai yi dariya ba.

"Malam, kazar nan da hannu nawa ake ɗaukarta?"

"Ɗaya."

"Kai fa, mutum nawa suka kawo ka?"

"Huɗu."

"Ƙashinta ɗan tsinke ne, sati uku ya ishe shi. Ƙwaurin babban mutum wata uku ne, wani ya fi haka. Da ka zo ranar farko, da magana daban muke yi."

Ba su yanke ba. Sun ja, sun gyara iya gyaruwa, suka zuba mini farin abin nan mai kama da siminti tun daga yatsu har cinya. Ya ce za ta ɗauke ni, amma ba za ta koma daidai da 'yar'uwarta ba.

Sai da kaka ta yi aka fasa simintin. Ƙafar ta fito siririya, fara fat, tana saɓa, ta lanƙwashe kaɗan, ta gaza ta dama da yatsa biyu. Gonar da kan ba ni dami talatin ta ba da huɗu. Doyar Shekwolo ce ta fitar da mu shekarar.

Ranar da na dawo gida ba siminti, Hansai ta kai kazar aka yanka. Ta yi farfesu, ƙamshi ya cika gidan da ya manta ƙamshi. Ta ajiye mini kwano, na buɗe. Ƙafa ɗaya ce a ciki, ta hagu. Na ci naman, na kai ƙashin baki, harshena ya ji ɗan ƙulli a tsakiya inda ya haɗe. Na fito da shi na juya a haske. Miƙe yake sambal.

"Ci mana," in ji Hansai. "Ita dai da aka ce ta zauna, ta zauna."

Damina ta zagayo na ɗauki galma. Galma da ƙarfin ƙafa ake jan ta, ba da hannu kaɗai ba. Kunyar da na ja ta fito kamar tafiyar maciji, kafin azahar ƙwaurin ya kumbura kamar tulu. Na gwada shekara biyu. A ta uku na bar wa Shekwolo gonar, muka ɗaure kaya muka hau mota. Na yi gadi a wata ma'ajiyar kaya a Idu, na yi a gidaje, har na zo nan. Aikin gadi zama ne. Na ƙware, sai dai na makara.

Jiya da ruwan ya sauko na shige ɗakin gadi na miƙe ƙafar kan bokiti. Garki duk kwalta ce da siminti, amma in ruwa ya fara, akwai ɗan lokaci da ƙamshin ƙasa kan taso daga wani wuri. Na shaƙa, na lissafa, na ga yanzu ne dawa ke son noma na biyu. Hannuna ya dunƙule da kansa kamar ya riƙe ƙota.

Taga ta buɗe.

"Baba, wallahi ƙafar nan taka akwai albarka! Da yanzu kayana sun jiƙe."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya. Gara da ta samu aikin yi."